Biyat Ba Kuskure Ba Ce

Mutumin Tambuwal ko na Kebbe in yana ƙidaya, bayan ya ce ɗaya, biyu, ukku, huɗu, sai ya ce biyat. Haka ya ji a bakin iyayensa, su kuma haka suka ji a bakin nasu. Ran da ɗansa ya shiga makaranta ya rubuta biyat, malami ya kan soke harafin ƙarshe ya maye shi da r. Malamin nan bai yi laifi ba, gama makaranta tana da ƙa'idar rubutu guda, kuma dole a bi ta in dai ana so Bakano da Basakkwace da Bazazzage su karanta littafi ɗaya su fahimci juna. Laifin yana wani wuri dabam. Yana wurin mutumin da aka ɗauka musamman, aka ba shi na'ura da guzuri, aka ce ya je ya tattaro maganar mutanen ƙasa yadda ta ke, ya zauna gaban tsoho, tsoho ya ce biyat, shi kuwa ya rubuta biyar ya zuba cikin rumbun kalmomi, yana ganin ya yi gyara. Wannan ba gyara ba ne. Shaidar zur ce, ko da ya ke mai yin ta bai nufi sharri ba.

Kafin a ci gaba ya kamata a bayyana abin da a ke nufi da rumbun kalmomi, don ba ko wane mai karatu ya taɓa ganinsa ba. Tun da aka fara aikin ƙamus, dabarar masu yi guda ce. A kan yanka takarda ƙanana ƙanana, ko wace kalma da tata takarda. A rubuta kalmar a sama, a bi ta da ma'anarta, da jam'inta, da misalin yadda a ke sa ta cikin magana, sa'an nan a jera takardun cikin akwati bisa jerin baƙaƙe. Babban ƙamus na Ingilishi da aka gama bugawa a Oxford cikin 1928, da irin waɗannan takardu miliyoyi aka haɗa shi. Masu yawon koyon harsuna cikin ƙauyuka, da ya ke yawancinsu ba masu wadata ba ne, cikin kwalin takalmi su kan tara nasu. Don haka ne da ƙungiyar SIL ta fito da manhajar kwamfuta ta wannan aiki cikin shekarun 1980, sai aka sa mata suna Shoebox, watau kwalin takalmi. Daga baya aka sabunta ta aka kira ta Toolbox, sa'an nan wata mai suna FLEx ta biyo baya. Akwai kuma ELAN, wadda aka yi a Nijmegen ta ƙasar Holan, da a ke haɗa muryar da aka ɗauka da rubutunta gaɓa gaɓa, da Praat, wadda masana biyu na Amsterdam suka yi, mai zana hoton murya har a auna tsawon ko wane sauti. Duk waɗannan kyauta a ke samunsu.

Fifikon kwamfuta bisa kwali a fili ya ke. Mai kwali in yana son ya san kalmomi nawa ne cikin tarinsa ke ƙarewa da t, sai ya zazzage takardun duka ya bi su ɗai ɗai, aikin mako da makonni. Mai kwamfuta kuwa kafin ya kurɓi ruwa an jero masa su. Amma fa abin da aka zuba shi a ke jerowa. In mai zubawa ya riga ya mai da ko wace t ta koma r, to, ko shekara aka yi ana tambayar na'ura, amsarta ɗaya ce, babu t a ƙasar Tambuwal. Mai bincike a Tokiyo ko Landan ya karɓi amsar nan ya buga cikin littafi, wani ya kwafa daga gare shi, ƙarya ta yi jikoki.

Wanda ya fi kowa cancantar a yi koyi da shi a nan shi ne Bargery, mai ƙamus ɗin nan da aka buga cikin 1934, wanda ya ƙunshi kalmomin Hausa wajen 39,000. Ya yi shekaru fiye da goma yana aikin tare da malamai Hausawa, yana yawo ƙasa ƙasa. Ba shi da rikoda, ba shi da kwamfuta. Amma in ya ji kalma a wani wuri ba yadda a ke faɗinta a Kano ba, ya kan rubuta ta yadda ya ji, ya sa mata alama, wannan ta Sakkwato ce, wannan ta Katsina, wannan ta Gobir. Albarkacin alamun nan ne, bayan shekara kusan 60, wani masani Bajapane mai suna Shuji Matsushita ya iya zuba ƙamus ɗin cikin kwamfuta a Tokiyo, ya tsamo kalmomin ko wane kari ya jera su dabam, aka buga cikin shekarun 1990. Da Bargery ya gyara wa mutane bakinsu, da Matsushita bai sami abin tsamowa ba. Duk da haka alamar Sakkwato ta cika faɗi. Lardin Sakkwato na zamanin En'e ƙasa ce da aka yanka jihohi uku daga cikinta, Sakkwato, da Kebbi cikin 1991, da Zamfara cikin 1996. Tambuwal da Kebbe suna nan a kusurwar da ukun suka haɗu, Jega na yamma, Gummi na gabas. Wanda ya san ƙasar ya san bakin mutumin Dogon Daji da na Kuchi da na Sanyinna ba lalle ne su zo ɗaya a kome ba. Alama guda ba ta isa ta rarrabe su, kuma aikin rarrabewar nan shi ne ya rage wa mutanen yanzu.

To, masu gyaran nan suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Su kan ce, kalma ɗaya ce, ma'ana ɗaya ce, harafi guda ne kurum ya bambanta, ina abin ta da jijiyar wuya? Amsar ita ce, tarihin harshe a irin harafin nan guda ya ke ɓoye, musamman wanda ya zo a ƙarshen gaɓa ko ƙarshen kalma, gama nan ne wurin da harshe ya fi saurin cinyewa, kamar yadda bakin tabarma ke riga tsakiyarta lalacewa.

Ga misali. Bakano ya kan ce zauna, Basakkwace ya ce zamna. Wane ne ya sake? Ba sai an je nesa ba, a tambayi Bakano sunan aikin, zai ce zama. Ga m nan ta fito a bakinsa. Ya ce aure, amma ya ce amarya, Basakkwace kuwa ya ce amre. Ya ce ɗaure, amma ya ce ɗamara, Basakkwace ya ce ɗamre. Ya ce juji, amma in sun yi yawa ya ce jibaje, Basakkwace ya ce jibji. Watau a dukan waɗannan, mutumin yamma ne ya riƙe tsohuwar siffa, na gabas ya narkar da m da b suka koma u in sun faɗo ƙarshen gaɓa. Haka sabro da sauro, haka abduga da auduga. Wani masani Bajamushe, August Klingenheben, shi ya fara tsara ƙa'idar nan a rubuce cikin 1928, har yau kuwa da sunansa a ke kiranta. Ya nuna k da g ma sun narke a irin wannan wuri, shi ya sa a ke da talaka da talauci, da ɓauna da ɓakane. Ya nuna t ta kan koma r, shi ya sa a ke da farke amma jam'insa fatake. To, ga asirin biyat ya tonu. Ita ce uwa, biyar 'ya ce. Haka r ɗin da ke cikin "rigar Audu" ba kome ba ce sai ta ɗin da ke cikin "riga ta Audu", wasalinta ya faɗi, t ta rage a ƙarshe, ta juye. Ko ranar Asabar da t ta zo daga Larabci.

Sabo da haka wanda ya ce wa tsohon Kebbe bakinsa ya karkace, ya san da cewa yana gyara wa kaka ne da maganar jika. Ba a ce maganar jika ba ta da kyau ba. An dai ce ba ta isa ta kori kakarta daga rumbu ba.

Akwai kuma wata mas'ala da ta fi wannan zurfi, wadda ta haɗa Hausa da harsunan duniya masu nisa. Mai karatu ya ɗora yatsa bisa maƙogwaronsa ya ja sautin z, zai ji wurin yana karkarwa. Ya ja sautin s, zai ji shiru. Harshe da haƙora suna wuri ɗaya a duka biyu, karkarwar nan kaɗai ta raba su. Masana Hausa sun sa mata suna ziza. Haka d ke da ziza t ba ta da ita, g na da ita k babu. Malaman Larabci sun san irin wannan rabo tun da daɗewa, gama Sibawaihi, wanda ya yi zamani cikin ƙarni na 8 na Miladiyya, ya kasa baƙaƙe kashi biyu, masu bayyana da masu raɗa. Abin lura shi ne, ziza tana bukatar iska ta riƙa wucewa ta maƙogwaro. In mutum ya zo ƙarshen magana numfashinsa ya yi rauni, ga shi kuma ya toshe bakinsa don ya faɗi d ko b, sai karkarwar ta mutu tun harafin bai ƙare ba. Mai sauraro ya ji t inda aka nufi d. Yara su tashi da abin da suka ji, bayan 'yan zamunna ya zama ƙa'ida.

Ya kuwa zama ƙa'ida a wurare da yawa da ba su haɗa kaka ba. Bajamushe ya kan rubuta sunan kare Hund, amma da t ya ke ƙarasa shi, sai in ya yi jam'i ya ce Hunde sa'an nan d ta dawo. Haka mutanen Holan su ke yi, haka na Rasha da na Folan. Turkawa sun ari kalmar Larabci kitab suka ce kitap, amma in wasali ya biyo baya b ta komo. Ahmad a bakinsu Ahmet ne, Muhammad kuma Mehmet. A nan kusa ma, a ƙasar Cadi, Mahamat a ke ce wa Muhammadu. Sai dai ko wace al'umma da yadda ta yi da rubutunta. Jamusawa suka bar d a takarda ko da ba su faɗinta. Turkawa da suka sake baƙaƙensu cikin 1928 suka rubuta p da t yadda baki ke faɗi. Duk hanyoyin biyu sun yi aiki, ba wanda ya kasa karatu sabo da su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙa'idar rubutu shiri ne na mutane, ba ita ce maganar kanta ba.

Almajirin da ya yi karatun tajwidi ya riga ya san matsalar nan ta wata ƙofa. Baƙaƙe biyar, ƙaf da ɗa da ba da jim da dal, in sun zo da ɗauri, ko aka tsaya a kansu, sai an ɗan girgiza su, abin da a ke kira ƙalƙala. Ayoyin Suratul Ikhlasi huɗu duk da dal su ke ƙarewa, kuma malami ba ya barin yaro ya wuce sai ya ji dal ɗin nan ta fito sosai. Don me aka kafa wannan doka? Don malaman farko sun lura harafin da ke toshe iska in ya zo ƙarshe ya kan shaƙe ya ɓace, suka yi masa magani. Abin da masana Turai suka zo suna aunawa da na'ura, alaramma ya daɗe yana tsaronsa da kunne.

Ina Hausa ta tsaya cikin wannan? Hausa ta asali ba ta son ƙare kalma da baƙi. Da baƙuwar kalma ta zo da baƙi a wutsiya, sai a liƙa mata wasali. Ahmad ya zama Amadu, Ya'aƙub ya zama Yakubu, Ayyub ya zama Ayuba, Zainab ta zama Zainabu, jawab ya zama jawabi. Ta haka d da b suka tsira, don ba su ne a ƙarshe ba. Amma ba kullum ba. Kitab ɗin nan da Turkawa suka mai da kitap, a Hausa littafi ya zama, a Sakkwato littahi, ziza ta tafi. Cikin kalmomin da aka aro daga Ingilishi, waɗanda duk da d su ke ƙarewa a can, an sami burodi da gadi da yadi sun riƙe d, amma kati da fareti sun sake ta sun ɗauki t. Me ya raba su? Ko ta bakin wasu mutane suka biyo kafin su iso, ko zamanin shigowarsu ne ya bambanta, ko kuwa wani gari na cewa haka wani na cewa haka, ba abin da zai warware wannan sai tarin shaida daga garuruwa da yawa, ko wace da sunan garinta.

Sa'an nan a dubi kalmomin nan na ƙarfafa magana, waɗanda su ne suka saba ƙarewa da baƙi: fari fat, ɗaya tak, daidai cif, ya cinye kaf, ya wanku fes, ya tsaya cak. Mai karatu ya gwada neman irinsu mai ƙarewa da d ko g ko z, zai sha wuya. Ashe dai Hausa ma, inda ta yarda baƙi mai toshe iska ya tsaya a ƙarshe, marar ziza ta ke zaɓa. Yanzu kuwa zamani ya buɗe sabuwar ƙofa. Iyaye da yawa sun daina liƙa wasali, suna sa wa 'ya'yansu Ahmad da Khalid da Zainab yadda su ke a Larabce. A takarda d ce da b. A bakin uwa mai kiran ɗanta daga tsakar gida fa? Mai kunne ya kan ji Ahmat sau da yawa. Ga sauyi nan yana aukuwa a gaban idon kowa, irin wanda ya auku a Jamus shekaru ɗaruruwa da suka wuce ba wanda ya ɗauki muryarsa. A nan ana da damar ɗauka. Amma mai tattarawa in ya ji Ahmat ya rubuta Ahmad don haka a ke rubutawa, ya rufe ƙofar da hannunsa.

Har ma akwai inda baƙaƙen boko kansu ke tilasta wa marubuci ya yi ƙarya. Sauka a yamma, wani ya rubuta sabka, wani ya rubuta safka, alhali abin da ke fitowa a bakin mutane da yawa ya fi kusa da p, don k da ke biye ba ta da ziza, ta kashe ta b. Haka tabshi da tafshi. Jerin baƙaƙen Hausa kuwa ba p a cikinsa, ajami ma haka. To, marubuci ya zaɓi b ko f, ko wanne ya zaɓa bai faɗi daidai ba. Nan ne rubutu ya gaza, sai murya. Kunne ma kansa ya kan gaza. Jamusawa sun daɗe suna cewa kalmominsu biyu, Rad da Rat, sauti ɗaya ne a baki. Cikin 1985 wasu masana biyu a Amurka suka auna da na'ura suka ce akwai ɗan bambanci da kunne ba ya kamawa sosai, wasu suka musa, aka yi ta gwaji shekara da shekaru. Cikin 2006 kuma aka yi muhawara a rubuce tsakanin Juliette Blevins da Paul Kiparsky, manyan masana biyu, kan ko akwai harshen da ke yin akasin haka, watau ya sa wa baƙin ƙarshe ziza. An kawo harshen Lezgi na duwatsun Kaukasus da harshen Somaliya cikin shaidu, ko wane ɓangare na fassara su yadda ya gani. Abin da ya sa gardamar ta yi tsawo shi ne, duk ta rataya ne bisa abin da wani ya ji a wani ƙauye ya rubuta. In malaman duniya suna ja-in-ja a kan harafi guda na mutanen dutse, wane dalili ne zai sa a ɗauki harafin mutanen Margai abin yarwa?

Hujja ta biyu ta masu gyara ita ce, wai in aka bar rubutu iri biyu, sababbin masu karatu za su rikice. Wannan tsoro yana da asali. An sha wahala kafin a daidaita rubutun boko, tun daga ƙa'idodin Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, na 1912, zuwa fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939, da kafa Hukumar Harshen Hausa cikin 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980. Ba mai hankalin da zai so a rushe wannan gini. Amma rumbu ba littafin koyon karatu ba ne. Takardar ko wace kalma cikin kwamfuta tana da gurabe da yawa, kuma ba a biyan ko kwabo don an ƙara gurbi. A sa biyar a gurbin daidaitacciyar Hausa, a sa biyat a gurbin abin da aka ji, a liƙa muryar a gurbi na uku. Mai buga littafin makaranta ya ɗiba daga na fari, mai bincike ya ɗiba daga na biyu. Masu yin manhajojin nan sun tanadi wurin rubuta lafazi da wurin rubuta kari tun farko. Barin guraben nan wofi ba laifin na'ura ba ne, ƙyuya ce, ko kuwa kunya.

Kunyar nan ita ce ciwon da ya fi wuyar magani. Yaron da ya tashi a Kebbe ya je babbar makaranta, abokai suka yi masa dariya don ya ce hita da tahi da shina zuwa, ya kan dawo gida da niyyar wanke bakinsa. In aka ba shi aikin tattara kalmomin garinsu, sai ya wanke bakin kakarsa ma a takarda, don kada baƙi su ce ƙauyawa ne. Tsoho kuma da ya ga na'ura a gabansa ya kan sake murya ya shiga kwaikwayon mai karanta labarai a rediyo. Ga mai faɗi yana gyarawa, ga mai rubutu yana gyarawa, me zai isa rumbu? Ya kamata a tuna wa su biyun cewa da wannan bakin da su ke jin kunya aka yi waƙoƙin Nana Asma'u, da shi Narambaɗa da Ɗan Anace da Ɗanƙwairo suka yi kiɗa har Kano ta haddace. Wanda kuwa ya ɗauki tsohuwar waƙar ajami ya mai da ko wane sunka ya zama suka, ya karya ma'auninta, gama gaɓar farko ta sunka mai nauyi ce, ta suka marar nauyi. Mai rerawa zai ji ƙafarsa ta faɗa rami, ko bai san dalili ba.

Hujja ta uku sabuwa ce, wai yanzu na'ura na iya sauraron magana ta rubuta da kanta, ba a bukatar wahalar mutum. Gaskiya ne Hausa ta shiga na'urori, Google ma ta sa ta cikin harsunan da ta ke fassarawa tun 2013. Amma na'urar nan ɗaliba ce, abin da aka karantar da ita shi ta sani, kuma yawancin abin da ke rubuce da boko daidaitacciyar Hausa ce. Sabo da haka in ta ji biyat, abin da ya fi kusa cikin karatunta shi za ta rubuta. Ta zama mai gyara na uku, wanda ba ya gajiya, ba ya jin nauyin tsoho. Hanyar da za ta koyi bakin yamma guda ce, sai mutane sun tara mata shi da yawa, a rubuce yadda ya ke.

Aikin nan kuwa bai fi ƙarfin wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci ba. Ya ma fi baƙo dacewa da shi, don shi tsohuwa ba ta sake masa murya. Wayar hannu ta isa ɗaukar magana. A nemi izinin mai magana tukuna, a gaya masa inda za a kai muryarsa. Kada a ba shi jerin kalmomi a ce ya maimaita, don nan da nan zai koma ɗan makaranta. A bar shi ya ba da labari, masunci ya faɗi yadda a ke su a gulbin Zamfara, maƙeri ya faɗi sunayen kayan maƙera, manomi ya ƙidaya damman da ya samu bara, biyat za ta fito da kanta. Mata su ɗauki na mata, gama a cikin gida ne tsofaffin kalmomi suka fi daɗewa, kuma namiji baƙo ba ya isa can. Ga ko wace murya a rubuta sunan ƙauye, ba sunan jiha ba, da kimanin shekarun mai magana, da sana'arsa, da inda uwarsa ta fito, da ko ya tashi da Fulatanci a gida, don ƙasar Hausawa da Fulani ce a cakuɗe, kuma Fulatanci ba ya ƙyamar ƙare kalma da baƙi kamar Hausa. In mai magana ya iya ajami, a roƙe shi ya rubuta kalmar da hannunsa, a ɗauki hotonta, don a ga wane harafi shi ya zaɓa.

Saura maganar ajiya. Takardun kwali sun fi fayafayan kwamfuta na farko tsawon rai, gama fayafayan da aka yi aiki da su cikin shekarun 1990 yau da wuya a sami na'urar da za ta buɗe su. Don haka ko wane tari a fitar da shi a rubutu tsagwaro wanda ko wace kwamfuta ke iya karantawa, a kuma buga shi a takarda. Kwafi ɗaya ya tafi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda a ke da sashen harsunan Nijeriya, ɗaya ya tafi gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Na uku ya zauna a Tambuwal ko Kebbe, hannun mutanen da suka ba da bakinsu, tare da muryoyin duka, yadda jikan mai magana zai iya zuwa ya nema ba sai ya biya kuɗin mota ba.